Da Jamus Ta Gaggauta Ƙera Jirgin Me 262

Hausawa kan ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Amma duk da haka masana tarihi sukan tambayi kansu abin da zai faru da shugabanni sun ɗauki wata hanya dabam, domin ta haka ne ake auna nauyin kowace shawara. Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka fi yin muhawara a kansu game da Yaƙin Duniya na Biyu ita ce ta jirgin yaƙin Jamus mai suna Messerschmitt Me 262.

Wannan jirgi ya fara tashi da injin jet a watan Yuli na 1942, lokacin da sauran jiragen yaƙi ke tafiya da farfela. Gudunsa ya kai kusan kilomita 870 a awa ɗaya, alhali jirgin Amurka mai suna Mustang bai wuce kimanin 700 ba. Amma bai shiga fagen fama ba sai a tsakiyar 1944. Mutane da yawa suna ɗora laifin jinkirin a kan Hitla, wanda ya ga jirgin a watan Nuwamba na 1943, ya kuma dage a mayar da shi mai jefa bama-bamai maimakon mai kakkaɓo jiragen abokan gaba. A ganinsu, da ba don wannan taurin kai ba, da Jamus ta kori jiragen Amurka da na Ingila daga sararin samaniyarta.

To, idan aka duba da kyau za a ga matsalar ta fi haka zurfi. Na farko, injin jirgin, watau Jumo 004, yana bukatar ƙarafa masu jure zafi irin su nikel da kuromiyam, waɗanda suka yi wa Jamus ƙaranci. Saboda haka injin yakan lalace bayan aikin awa 10 zuwa 25 kawai, kuma ba a iya ƙera shi da yawa ba sai a 1944. Ko da Hitla bai sa baki ba, gangar jirgi ba ta tashi babu inji. Na biyu, tun daga watan Mayu na 1944 aka riƙa ruwan bama-bamai a kan masana'antun man Jamus, sa'an nan a watan Agusta ta rasa rijiyoyin man Romaniya. Rashin mai ya hana a horar da matuƙa yadda ya kamata. Daga cikin jirage kusan 1,400 da aka ƙera, kaɗan ne suka taɓa yin yaƙi.

Abokan gabarta kuwa wata hanya suka bi. A 1942 aka ɗauki injin Ingila mai suna Merlin aka sa wa Mustang, jirgin da an riga an san halinsa. Ya zuwa watan Maris na 1944 yana raka masu jefa bama-bamai har birnin Balin ya komo. A shekarar nan kaɗai Amurka ta ƙera jirage wajen 96,000, Jamus kuwa wajen 40,000.

Ashe ke nan, da an gaggauta Me 262, abin da zai yiwu shi ne ya ƙara wa abokan gaba hasara, watakila ya ja yaƙin na ɗan lokaci, amma ba zai sauya ƙarshensa ba. Darasin da ke nan ga duk mai tsara aikin hukuma shi ne, kafin a zaɓi sabuwar na'ura sai a fara tambayar inda kayan gyaranta da man da za ta sha da mutanen da za su sarrafa ta za su fito.