Naman kaza mai soso: yadda ake gane shi a dazukan yankin Tamale

Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama a arewacin Ghana, naman kaza kan tsiro a gonaki da dazuka, kwana kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi. Wanda aka fi sani shi ne na suri, wanda gara ke nomawa a cikin gidanta. Amma akwai wani dangi da Faransawa ke kira bolet, wanda mutane da yawa ke wucewa don ba su san shi ba.

Alamarsa tana ƙarƙashin laima. Idan aka kifa naman kaza na suri, za a ga siraran layuka a jere kamar shafukan littafi. Shi kuwa wannan, ƙananan huji ne cunkus kamar soso, kuma sau da yawa soson na ɓarewa da yatsa. Fitacce a Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Phlebopus sudanicus: laimarsa ruwan ƙasa ce mai duhu, takan kai faɗin faranti, sosonsa rawaya ne, ƙafarsa kuma kakkaura. Ba a cin sa ɗanye, sai ya dahu sosai.

Inda ake samun sa

Galibin wannan dangi suna rayuwa ne manne da saiwar wasu itatuwa. Itace na ba su abinci, su kuma suna jawo masa ruwa da sinadaran ƙasa. A dazukanmu, doka da kawo ne manyan abokan zamansu. Kaɗanya da ɗorawa da suka cika gonakin Tamale ba sa irin wannan ƙawance da su, shi ya sa mai nema kan dangana da dajin da bai sha gatari ba. Duk dokar da aka sare aka yi gawayi, ta tafi da naman kazan da ke gindinta. Gandun dajin Mole da ke kusa da Damongo kuwa na gwamnati ne, ba a tsintar komai a ciki sai da izini.

Kama da wane ba wane ba ne

Soso ba lasisin ci ba ne, domin a cikin dangin akwai masu haddasa amai da gudawa. Sabon shiga ya bar duk mai jan soso, da mai ɗaci, da wanda ya rikiɗe ya koma shuɗi da zarar an yanka. Ya kuma fara fita tare da wanda ya daɗe yana ci a wannan dajin, don abin da aka sani a Maraɗi ko Kano ba lallai ne ya yi aiki a Tamale ba.

Haɗari mafi girma na wajen masu layuka, musamman mai zobe a ƙafa da 'yar jaka a gindi. A cikinsu akwai masu dafin da ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Saboda haka a tono naman kaza gaba ɗaya a duba gindinsa, a kuma zuba kowane iri daban a kwando, ba a leda ba. Cewar wai duk wanda tsutsa ko akuya ta ci ba ya cutarwa, ko wai cokalin azurfa na yin baƙi a cikin mai dafi, duk camfi ne.

Idan an ci an ji ba daidai ba

Dafin hanta yakan yi awa 6 zuwa 24 kafin ya nuna kansa. Amai da gudawa su zo, su lafa, mutum ya ɗauka ya warke alhali hantarsa na ci gaba da lalacewa. Kada a jira. A kai duk wanda ya ci tukunyar asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tamale, tare da ragowar naman kazan don likita ya gani.