Ƙofar makaranta a buɗe take, amma wa ke iya shiga?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Ga lokacin karatun manya ya zo. A unguwannin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ana share rumfuna, ana gyara alluna. Mai shela zai zagaya gari ya ce kowa ya zo. To, ranar da aka fara, ku dubi tabarma ku ƙidaya waɗanda suka zo. Sannan ku tuna da waɗanda suka rage a gida.

Akwai dattijon da idonsa ya yi rauni. Ya zo sau biyu, bai ga abin da ke kan allo ba, ya ji kunya ya daina. Akwai kurma, ba wanda ya gayyace shi. Gurgu yana so, amma rumfar tana can bayan gari, ga rairayi. Wanda kuturta ta ci wa yatsu yana tsoron a janye masa tabarma. Mai goyo ba ta fita da dare. Waɗannan duka mutanen garinmu ne, kuma kowannensu yana da lissafin da ya shafe shi.

Ku duba Jiratawa. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman rani na wajen hekta 500, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injuna. Ruwan nan ba kyauta ba ne. Kowane mai fili yana biyan kuɗin ruwa ga ƙungiyar manoma, kuma a rubuce ake kawo lissafin. Injin bai san kurma ba, bai san mai ji ba. Wanda bai iya karanta takardarsa ba sai ya kai wa wani ya duba masa. In an dace da mai amana, madalla. In ba a dace ba, zogalen da ya yi wa wahala wani ne zai ci ribarsa. Haka abin yake ga matan asusu na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Akwatin na kowa ne, bai kamata littafin ya zama na mace guda ba.

Aikin yaƙi da jahilci ba baƙo ba ne a ƙasarmu. An kafa hukumarsa tun 1963. A 1977 aka buɗe makarantar horar da jami'ansa a Yamai, wadda aka sani da CFCA, yau kuma ana kiranta IFAENF. Jami'an nan su ke horar da mu malaman ƙauye. Horonmu gajere ne. Ana koya mana baƙaƙe da wasula, da yadda ake buɗe darasi da hira, da lissafi, da cika rajista. Duka suna da amfani. Amma kamar an ɗauka kowane ɗalibi yana gani sarai, yana ji sarai, yana da yatsu goma. Tabarmar ƙauye kuwa ba haka take ba.

Alhali dabarun ba su da tsada. Mai raunin ido a zaunar da shi gaba, a yi masa manyan baƙaƙe kamar tafin hannu, a bar karatun fitila a koma la'asar. Da yawa cikin waɗanda suka haura shekara 40 tabarau na karatu kawai suke bukata, sai a tura su wurin likitan ido. Mai nauyin kunne yana duban bakin malam, saboda haka kada malam ya yi magana ya juya wa mutane ƙeya yana rubutu. Ya rubuta tukuna, ya juyo, sannan ya faɗa, ya nuna abin da hannu. Wanda yatsunsa suka gajarta a naɗa wa alƙalaminsa tsumma ya yi kauri, ko a ɗaura masa a hannu da roba. Kafin nan ma ya fara da rubutu a ƙasa. Ƙasa ba ta ƙarewa kamar alli.

A nan sai na tsaya kan maganar kuturta, don ana cutar mutane a banza. Kuturta tana warkewa da magani, kuma wanda ya fara shan maganin ba ya sa wa kowa. Asibitin Danja yana nan kusa da mu, kudu da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki. Yatsun da suka tafi ba sa dawowa, amma cutar ta tafi. Malamin da aka bayyana wa wannan a wurin horo, shi zai fara zama kusa da mutumin, sauran su biyo.

Makafi suna da rubutunsu. Wani Bafaranshe makaho mai suna Louis Braille ya ƙirƙiro shi shekara 200 da suka wuce. Ɗigo 6 ne masu tudu, ana shafawa da yatsa, kuma ana rubuta Hausa da shi. Ba kowane malamin ƙauye zai iya shi ba. Amma a cikin malamai goma da aka tara horo, me zai hana a koya wa guda, sauran su san inda za su tura mutum?

Makiyayi kuma tasa matsalar daban. Da rani, lokacin da muke karatu, shi yana bakin rijiya tun asuba. Da damina ya yi arewa da shanu. Malamin da zai amfane shi sai ɗan ruga, mai jin Fulatanci, wanda zai tashi tare da su da allonsa.

Wannan ya kawo mu ga horon kansa. Wa ke iya zuwa? In an kira shi a birnin Maraɗi, aka ce a kwana can mako biyu, matar aure ta Tsibiri ba za ta zo ba, ko da ta fi kowa iya karatu a unguwarsu. Ɗan ruga ba zai bar garke ba. Gurgun da ya yi lakkwal ya gama aji shida yana zaune yana ɗinki, ba wanda ya tuna da shi, ga shi kuwa ba ya zuwa cin rani, ba zai bar ɗalibai a tsakiyar littafi ba. A ganina, a riƙa kai horon garuruwa, da rana, a bar mai goyo ta zo da mai reno. A yi shi da harshen da za a koyar, tun da a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. A kuma gayyaci ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu na Maraɗi su zo da kansu su faɗa wa malamai abin da ke hana su karatu. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma ilimin manya yana ciki.

Kafin a buɗe makaranta bana, kwamitin gari da malam su bi gida gida. Su rubuta sunan duk wanda yake so amma wani abu ya tare shi, su rubuta abin da ya tare shi. Su duba inda aka kafa rumfa, ko keken gurgu zai kai. Takardar nan a ba jami'in yaƙi da jahilci ranar da ya zo rangadi, kwamiti kuma ya ajiye tasa.