In An Ɗauke Wuta, Ina Makomar Firojet Ɗinka?

Wata Laraba a zangon karatun da ya wuce, saura kwana huɗu in miƙa babi na huɗu ga malamin da ke duba firojet ɗina, na shiga wani shagon buga takardu a cikin garin Talata Mafara riƙe da filashina. Aikin nawa kan adana bayanan manoman rani ne a kwamfuta, kuma sai da na yi makonni ina zirga-zirga tsakanin Bakura da Maradun, ina cike takardun tambayoyi da manoman da ke ban-ruwa daga madatsar Bakolori. Na buɗe fayil ɗin kai tsaye daga filashin, na gyara jadawali biyu, na danna wurin adanawa. Ban ɗauke hannu daga linzami ba aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ce, ba batir, ba UPS. Da mai shago ya tayar da janareta muka sake kunnawa, sai Windows ta ce wai sai an yi wa filashin fomat kafin a iya amfani da shi. Wallahi nan take gumi ya karyo min.

Allah Ya taimake ni ban danna “eh” ba. Wani abokina na ajin gaba ya ceto mafi yawan fayilolin, amma babi na huɗu ya dawo a lalace, sai da na kwana biyu ina sake shi daga wani tsohon kwafi da na taɓa tura wa kaina ta imel. Tun daga ranar na shiga binciken abin da ya faru, shi ne na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai, tunda a nan ɗauke wuta ba baƙon kowa ba ne.

Mene ne tsarin fayil?

Ka ɗauka faifan ajiyar kwamfutarka ko filashinka babban sito ne a kasuwar Talata, inda manoma ke kawo buhunan shinkafa ajiya. Mai sito yana da littafi: buhun wane yana lungu kaza, wuri kaza babu kowa, wuri kaza an cika. Tsarin fayil shi ne wannan littafin, tare da ƙa'idar da ake bi wajen cika shi. Sunayen da kake gani in za ka yi fomat, irin su FAT32, exFAT da NTFS, duk nau'o'insa ne.

Adana fayil ɗaya ba rubutu ɗaya ba ne. Sai an zuba bayanan a wani wuri, a rubuta cewa wurin ya shiga hannu, sannan a rubuta sunan fayil da girmansa a cikin folda. In wuta ta tafi a tsakiyar waɗannan matakai, littafi da sito sun saɓa ke nan. Ko dai buhu yana nan amma babu sunan mai shi, ko suna yana nan amma wurin da aka nuna wayam, ko kuma a ba mutum biyu lungu ɗaya.

Akwai kuma wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. In ka danna adanawa, ba lallai ba ne a ce bayanan sun isa faifai a wannan daƙiƙar. Don gudun nawa, kwamfuta kan riƙe su a RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, sai daga baya ta sauke. A Linux, in ba a sauya saiti ba, suna iya kai kimanin daƙiƙa 30 suna jira. RAM kuwa da wuta ta tafi ta manta da komai.

Gida uku

Gida na farko su ne marasa kundin niyya. Kakansu FAT, wanda Microsoft ya fito da shi a 1977. FAT32 ya zo a 1996, exFAT kuma a 2006. Kusan duk filashi da memori da za ka saya da ɗayansu suke zuwa, don yawancin na'urori suna gane su: Windows, Mac, waya, talabijin, rediyon mota. Amma kai tsaye suke rubutu a cikin littafin, ba sa ajiye wata shaidar abin da suke shirin yi. In aka katse su, sai an bi sito lungu-lungu ana ƙirga, shi ne aikin chkdsk, kuma ba kullum ake dacewa ba. Nawa filashin FAT32 ne. Ga shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4.

Gida na biyu masu kundin niyya ne. A nan mai sito yana da ƙaramin littafi na gefe. Kafin ya taɓa babban littafi, sai ya fara rubuta: “Zan kai buhun wane lungu kaza, zan gyara shafi kaza.” In ya gama sai ya soke. In wuta ta katse shi, da an kunna fitila sai ya duba ƙaramin littafin: niyyar da aka rubuta ta cika sai ya ƙarasa ta, wadda aka rubuta rabi sai ya yi watsi da ita. Cikin 'yan daƙiƙoƙi littafi ya daidaita. NTFS na Windows, da ya fito a 1993, haka yake aiki. A Linux akwai ext3 na 2001, da magajinsa ext4 da ya kammala a ƙarshen 2008, wanda Ubuntu ke sa maka in ba ka zaɓi wani ba. Akwai kuma XFS da kamfanin Silicon Graphics ya ƙera tun shekarun 1990.

Gida na uku ba sa rubutu a kan tsohon abu sam. In ka gyara fayil, sai su rubuta sabon a wani wuri daban, sai an gama tsaf sannan su juya alama ta koma nuna sabon. In wuta ta tafi kafin juyawar, tsohon yana nan lafiya lau. ZFS na kamfanin Sun Microsystems, wanda aka saki a 2005, shi ne ya yi suna a wannan fanni. Sai Btrfs, da aka fara a 2007, wanda Fedora ta mayar zaɓinta na farko a kwamfutocin tebur a 2020, da APFS na Apple na 2017, sai dai shi bayanan tsari kawai yake yi wa haka. ZFS da Btrfs suna da ƙarin wata baiwa: suna ajiye lambar tantancewa ga kowane guntun bayani, don haka in wani abu ya lalace za su gaya maka, ba za su miƙo maka ruɓaɓɓen fayil su yi shiru ba.

Inda gizo ke saƙar

To ga abin da na fi so kowa ya riƙe. Kundin niyya littafin sito yake karewa, ba shinkafar da ke cikin buhu ba. NTFS bayanan tsari kawai yake sa wa a kundinsa: sunaye, girma, wurare. Haka ma ext4 a saitinsa na asali, sai dai shi yana tabbatar da cewa sababbin bayanai sun sauka a faifai kafin ya rubuta su a littafi. Ma'ana bayan ɗauke wuta kwamfutarka za ta tashi, foldoji suna nan, amma abin da ka rubuta a daƙiƙoƙin ƙarshe yana iya tafiya.

Wannan ba zance ba ne kawai. A farkon 2009, masu gwada ext4 sun yi ta kukan cewa bayan kwamfuta ta mutu ba shiri, suna tarar da wasu fayiloli ba komai a ciki. Dalili shi ne ext4 yana jinkirta sauke bayanai, manhajoji da yawa kuma ba sa ba da umarnin da ake kira fsync, wanda ke nufin “kada ka ce min an gama sai ya isa faifai”. Sai da aka yi gyara a Linux 2.6.30 abin ya lafa. Ka ga ke nan kariyar sarƙa ce mai zobe uku: manhajar da kake aiki da ita, tsarin fayil, da shi kansa faifan. Faifai ma yana da tasa ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma filashi mai arha yana iya rikicewa daga ciki in wuta ta yanke yana tsakar rubutu, ko da wane tsari aka yi masa.

To wanne zan zaɓa?

In Windows kake amfani da ita, faifan ciki NTFS ne, ka bar shi haka. A nan ya kamata firojet ɗinka ya zauna, a nan za ka riƙa gyara shi.

In Linux ka sa, musamman mu 'yan sashen kwamfuta, ext4 ya ishe ka. An daɗe ana gwada shi, kuma in matsala ta taso za ka samu wanda ya san gyaransa. Btrfs ya dace da mai son ɗaukar hoton yanayin faifai don ya iya komawa baya in wani abu ya ɓaci. ZFS kuwa ya fi amfani a sabar da ke da faifai biyu ko fiye, inda zai iya gyara lalataccen kwafi daga lafiyayye. Ga tsohuwar laftof mai ƙaramar RAM, nauyi ne kawai.

Faifan waje da kake tara ajiya a ciki, in da Windows kaɗai kake hulɗa, yi masa NTFS. Sai dai ka sani Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, wasu wayoyi da talabijin kuma ba sa gane shi.

Filashi kuwa, bar shi a exFAT ko FAT32 don ya shiga ko'ina, amma ka ɗauke shi a matsayin ɗan aike, ba ma'aji ba. Kuskurena ke nan: na mayar da ɗan aike ma'aji. A shago, kwafe fayil ɗin zuwa kwamfutar, ka gyara a can da sabon suna, sannan ka mayar da shi filashi ba tare da ka danne tsohon ba. Kafin ka fita ka goge na shagon.

Masu gina manhaja da MySQL ko MariaDB, ku ma ku duba injin jadawalinku. InnoDB yana da nasa kundin, yana farfaɗowa bayan ɗauke wuta, kuma shi ne na asali tun MySQL 5.5. MyISAM ba ya da wannan kariya. In tsohon darasi ka kwafo daga intanet, duba da kyau kada ya sa maka shi. Kuma ka riƙa fitar da kwafin rumbun bayananka duk ranar da ka yi aiki.

Abin da tsarin fayil ba zai yi maka ba

Da yawanmu laftof ta hannu muke riƙewa, wadda batirinta ya mutu tuntuni, da an zare caja ta ɗauke. Irin wannan ba ta da bambanci da kwamfutar shagon nan. Batirin da zai ba ka ko minti goma ka adana aiki ka kashe cikin natsuwa ya fi kowane tsarin fayil amfani. In ka samu 'yan kuɗi, fara da shi kafin sabuwar jaka. Kuma in ka shiga shago, tambayi mai shi ko akwai UPS. Ba rashin kunya ba ne. Ka kula da lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, don nan ne ake yawan yin ɓarna.

Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10 a saitinsa na asali. Shiga ka rage zuwa biyu ko uku. Kafin ka zare filashi, bi hanyar cirewa ka jira saƙon cewa an gama. Gaskiya ne tun Windows 10 sigar 1809 an saita na'urorin waje yadda za a iya zare su da sauri, amma wannan bai hana ɓarna ba in rubutu bai ƙare ba, kuma ba ka san saitin kwamfutar wani ba.

Sai babbar magana: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a nesa da kai. Ɗaya a laftof, ɗaya a filashi, ɗaya a imel ko Google Drive. Babi guda na rubutu bai kai nauyin ɗan gajeren bidiyon da muke turawa a WhatsApp ba, don haka kada a fake da tsadar data. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan fayil, don in na yau ya lalace na jiya ya tsaya maka.

In kuma abin ya riga ya faru, kada ka yi fomat, kada ka zuba komai a filashin, don sabon abu yana iya hawa kan wanda kake nema. Akwai TestDisk da PhotoRec, duk kyauta ne, da su aka ceto nawa. Abin da aka ceto a sauke shi a wani faifai daban.

Na kare firojet ɗina lafiya, alhamdu lillahi, kuma takardun manoman Bakura da Maradun suna nan a akwatina har yau, don su ne kwafin da ɗauke wuta ba ta taɓa ba. Kai da ke karanta wannan, kafin ka kwanta yau, danna filashinka da maɓallin dama na linzami ka duba wane tsari ke kansa, sannan ka tura wa kanka babin da ka tsaya a kai. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.