Kafin A Yi Wa Baƙo Ihun Ɓarawo A Zongo

Jama'ar Zongo ta Yamai, a yi hattara. Wani hali yana shigo mana a sannu, in kuwa ba a tare shi tun yanzu ba, wata rana da rai za a biya shi. Baƙo ya zama abin tuhuma. Mutum ya tsaya a bakin lungu yana waige-waige, ko ya daɗe zaune a gindin katangar masallaci bayan an watse daga sallah, sai ka ji wani ya ce, "Ni fa wancan ban yarda da shi ba." Daga wannan magana zuwa ihun ɓarawo babu nisa. Daga ihu zuwa gora da dutse kuwa ƙiftawar ido ce.

Tsoron yana da tushe. Jihar Tilaberi ta kewaye Yamai ta kowace kusurwa, kuma kowa ya san abin da ake ciki a can. Ranar 2 ga Janairun 2021 an kashe mutum wajen 100 a Comabangu da Zarumdarai. Ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, 'yan bindiga suka auka wa masallacin Fambita ana sallar Juma'a, mutum 44 suka rasu. Hukuma ta ce a sa ido, kuma daidai ne. To amma waɗanda suka tsira daga irin waɗannan garuruwa, ina suka nufa? Wasu sun tsaya a Walam, wasu a Tera, wasu kuma nan suka iso. Cikinsu ne ake samun mutumin da muke bi da harara.

Ku dube shi da kyau. Riga ɗaya ce a jikinsa, ta sha ƙura har launinta ya ɓace. Igiyar silifas ɗinsa da ƙusa aka riƙe ta. Baƙar leda ce a hannunsa, ya rungume ta, don ita ke nan abin da ya rage masa. Ka ce masa, "Malam, daga ina?" sai ya sunkuyar da kai, ko ya ambaci wani gari, an jima ya sake wani. Ka ce ya nuna kati, babu. Nan take 'yan fada za su ce ai magana ta ƙare: ba takarda, ga baki biyu. Amma wanda ya fice daga gida da gudu tsakar dare, wuta na cin rumbunsa, kati zai tsaya nema? Wanda aka kashe ƙaninsa bisa zargin yana kai wa soja labari ya riga ya koyi cewa faɗa wa baƙon ido sunan garinsu kasada ce. Wani kuma Hausar ce ba ya ji, Zabarmancin ma sama-sama, Fulatanci ko Gurmanci ne a bakinsa, ga mutum goma sun yi masa zobe kowa na jefa tasa tambayar. Alamun da muke ɗauka na mugu, sau da yawa na wanda aka zalunta ne. Mugu na ainihi, mai safarar fetur ko labari zuwa daji, a ganina shi ne zai zo da takardunsa cif, rigarsa a goge, amsarsa a shirye.

Akwai kuma waɗanda arewa ta koro. Hukumomin Aljeriya kan jibge mutane a hamada, kilomita wajen 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa. A ƙidayar ƙungiyar Alarme Phone Sahara, fiye da mutum 30,000 aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai, 'yan Nijar da na wasu ƙasashe. Saurayin da aka sayar da bijimin gidansu don kuɗin motarsa, ya dawo ba waya ba ko dala, kunya ba za ta bar shi ya doshi ƙauye ba. Sai ya maƙale a birni, yau dako a kasuwar Katako, gobe kwana da yunwa a bakin Babbar Kasuwa. Wani kansa ya taɓu, yana tafe yana surutai shi kaɗai. Mu kuma amsarmu ɗaya ce kullum, wai tramol ne. Wani dai tramol ɗin ne. Wani baƙin ciki ne, wani zazzaɓi ne ya hau masa kai cikin zafin Afrilu. Ko ma wanne ne, wurinsa asibiti, ga sashen masu taɓin hankali nan, Pavillon E, a babban asibitin ƙasa. Bai kamata a bar shi a hannun yara masu jifa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce a Zongo ake wannan kallo. Unguwar nan masaukin fatake ce tun asali, kakanninmu da kayansu a ka suka sauka. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar suna da ɗa ko ƙane a Kumasi, Abijan, Kwatano ko Legas ba, kuma mun ga abin da zato ya yi wa namu a can. A watan Mayun 2021 aka yaɗa wani bidiyo a Facebook, wai 'yan Nijar ne ke dukan 'yan Kwaddibuwa. Ƙarya ce, tsohon hoto ne daga Nijeriya. Kafin gaskiya ta fito an far wa 'yan Nijar a unguwannin Abijan irin su Abobo, an fasa shaguna, an jikkata mutane, har an rasa rai. A ƙarshen Maris 2025, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah aka tare su a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka yi musu taron dangi, aka cinna musu wuta. Mun yi Allah-wadai, mun la'anci waɗanda suka yi. Su ma fa tsoro ne ya kai su, kuma su ma sun yi imani cewa unguwarsu suke karewa.

Samari 'yan fada, da ku nake musamman, don ku ke bakin titi dare da rana, ku ke fara ganin baƙo. In kun ga wanda bai kwanta muku ba, mutum ɗaya ya tashi, ko biyu, kada fada duka ta miƙe. A yi masa sallama, a miƙa masa ruwa, in akwai shayi a tsiyaya masa. Mai ƙishirwa da tsoro ba ya iya ba da labari a jere. A nemo mai jin yarensa, Zongo ba ta rasa shi ba. In har zuciya ba ta natsu ba, a kira mai unguwa, ko a buga 17, 'yan sanda su yi aikinsu. Sa idon da aka ce a yi iyakarsa ke nan. Ba a ba kowa izinin bincike da mari ba.

Waya kuma a mayar da ita aljihu. Hoton da ka ɗauka ka rubuta "an kama shi a Zongo" zai zaga WhatsApp ya kai Maraɗi da Damagaram kafin magariba, kuma ko an wanke mutumin gobe, wankewar ba za ta bi sawun hoton ba. In kuwa abin ya kai ga kisa, hoton nan shi ne shaidar da za a kama ku da ita, kai da wanda ya ɗaga gora da wanda ya riƙe masa riga.

Iyayenmu dattawa, taro yakan saurari murya ɗaya in ta zo da wuri. Dattijo ya ratsa, ya dafa kafaɗar mutumin, ya ce, "Ku dakata, baƙona ne, ni zan kai shi," sai ka ga hannaye sun sauka. In aka bari jini ya fito, ko sarki ne ya zo ba mai jin sa. Saboda haka kada ku tsaya sa takalmi in kun ji hayaniya. Malaman masallatai kuma, wannan magana ta huɗuba ce, kuma ta Juma'ar nan mai zuwa. A faɗe ta da Hausa, a maimaita da Zabarmanci. A kuma tsayar da magana tun yanzu a kan zauren da za a shigar da wanda taro ya biyo, da wanda makullin zai kwana a hannunsa.