A kulle mage a gida ko a bar ta ta fita? Muhawarar da ta kai ga barazanar cin tarar Yuro 50,000

A watan Mayun 2022, hukumomi suka aika wa mazauna kudancin garin Walldorf da ke Jamus wani umarni da ya ba mutane da dama mamaki: duk wanda yake da mage ya tsare ta a gida, kada ta sake ta leƙa waje har zuwa ƙarshen watan Agusta.

Wanda magensa ta fita zai biya tarar Yuro 500. Idan kuwa ta kashe ko ta raunata tsuntsun da ake ƙoƙarin karewa, tarar tana iya kai wa Yuro 50,000.

Tsuntsun wani ɗan ƙarami ne mai tukku a ka, Jamusawa suna kiransa Haubenlerche. A ƙasa yake yin sheƙa, a ƙasa yake ƙyanƙyasa, kuma 'ya'yansa sukan bar sheƙar tun ba su iya tashi ba. A shekarar da ta gabaci dokar, mata da miji guda uku kacal aka ƙirga a yankin. Abin mamakin shi ne irin wannan tsuntsu bai yi ƙaranci a duniya ba, har a filayen Sahel, ciki har da arewacin Najeriya, ana ganinsa yana tsince-tsince a gefen hanya. A Jamus ne ya kusa ƙarewa.

Masu maguna sun fusata, masu kare haƙƙin dabbobi suka ce an zalunci dabbar da ta saba yawo, masu kare tsuntsaye kuma suka ce ai da ma an makara. Wannan taƙaddama ba a Walldorf ta tsaya ba. Tana cikin batutuwan da suka fi haɗa masoya dabbobi faɗa a Turai da Amurka da Ostireliya.

Abin da mage ke yi idan ta fita

Hausawa kan ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, kuma alƙaluma sun gaskata su.

A 2013 wasu masana uku a Amurka, Scott Loss da Tom Will da Peter Marra, suka wallafa binciken da ya ƙiyasta cewa maguna suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a ƙasar, ban da ƙananan dabbobi irin su ɓeraye da zomaye da yawansu ya ninka haka. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta nuna cewa ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Akwai kuma abin da masu kafa hujja da binciken kan tsallake: kusan kashi 69 cikin 100 na tsuntsayen, magunan da ba su da mai su ne suke kashe su, ba waɗanda ke kwana a kan kujerar falo ba.

Sai dai wannan bai wanke magen gida ba. Ƙoshi ba ya hana ta farauta, domin abin da ke motsa ta ta yi tsalle a kan abin da ke wulƙawa daban yake da yunwa. Kuma abin da take ajiyewa a bakin ƙofa ɗan kaɗan ne daga abin da ta kashe. Wani nazari da aka yi a Ostireliya a 2020 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 kawai take kawowa gida, sauran ta cinye ko ta yar a can. Shi ya sa wanda ya rantse cewa tasa magen kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, yana iya kasancewa da gaske yake, bai dai gani ba ne.

An taɓa ɗaura wa maguna 925 na'urar bibiya a ƙasashe shida, a wani aiki da masanin dabbobi Roland Kays ya jagoranta. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna yawancinsu ba sa wuce mita 100 daga gida. Ke nan ɓarnar a wuri guda take taruwa, a lambu da bayan katanga da bishiyoyin unguwa.

Inda abin ya fi muni

A tsibirai ne aka fi ganin illar mage, inda tsuntsaye da ƙananan dabbobi suka rayu dubban shekaru ba su san wani abu mai farce da ke laɓe musu ba.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na tsibirin Stephens a New Zealand. A 1894 aka kunna fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora a tsibirin, ma'aikata suka tare, mage ta biyo su. Ba da jimawa ba ta fara kawo wa wani ma'aikaci mai suna David Lyall gawar wani ɗan tsuntsu da ba ya iya tashi, wanda masana ba su taɓa sani ba. Ba da daɗewa ba bayan an rubuta bayaninsa a Landan, ya ɓace daga doron ƙasa. An daɗe ana cewa mage ɗaya ce mai suna Tibbles ta gama da shi, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna maguna ne da suka hayayyafa suka bazu a tsibirin. Sai a 1925 aka kawar da su, bayan aikin gama ya gama.

Wani nazari na 2016 ya danganta maguna da ɓacewar nau'o'in tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da masu rarrafe har 63 a duniya.

Ostireliya, wadda ba ta san mage ba sai da Turawa suka isa a ƙarshen ƙarni na 18, ta yi asarar dabbobinta na asali masu shayarwa fiye da 20 da ake ɗora wa mage wani kaso na alhakin ɓacewarsu. A 2015 gwamnatin ƙasar ta sanar da shirin kashe magunan daji miliyan biyu kafin 2020. A Canberra, babban birnin ƙasar, duk magen da aka haifa daga ranar 1 ga Yulin 2022 dole ta zauna a cikin harabar gidan mai ita. Ƙananan hukumomi da yawa kuma sun hana fitar dare.

Ingila da Amurka: harshe ɗaya, ra'ayi biyu

Idan aka ga musu ya yi zafi kan wannan batu, sau da yawa Ba'amurke ne da Baturen Ingila.

A Amurka, likitocin dabbobi da yawa suna ba da shawarar a tsare mage a gida, kuma wasu cibiyoyin da ke bayar da dabbobi riƙo ba sa bai wa mutum sai ya yi alƙawarin ba za ta fita ba. Suna da dalili. Akwai manyan tituna, akwai karnukan daji da ake kira coyote waɗanda ke shiga har cikin birane, akwai kuma ciwon hauka a jikin dabbobin dawa.

A Birtaniya kuwa yawancin maguna suna fita, har ƙaramar ƙofa ake yanka musu a jikin ƙofar gida. Doka ba ta tilasta wa mai mage ya tsare ta kamar yadda take yi wa mai kare ko mai shanu ba. Babu coyote, kuma an daɗe da kawar da ciwon haukan kare daga ƙasar. Babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar, RSPB, ta daɗe tana cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya da ta nuna maguna ne ke rage yawan tsuntsaye a faɗin Birtaniya, ko da yake wasu masana ba su gamsu da wannan matsayi ba. Hatta fadar Firaiminista tana da nata muzurun, Larry, wanda tun 2011 yake sintiri a ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing, ya kuma ga shigar firaiministoci da fitarsu.

Abin da Ingila ta yi shi ne tilasta sanya wa kowace mage ɗan ƙaramin maɓallin shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, dokar da ta fara aiki a ranar 10 ga Yunin 2024, da tarar da ta kai Fam 500. A farkon 2025 kuma, da wani rahoto ya bai wa gwamnatin Scotland shawarar ta duba yiwuwar taƙaita yawon maguna a wuraren da ke da namun dajin da ake kiyayewa, sai labari ya juye cewa za a haramta kiwon mage. Sai da shugaban gwamnatin yankin, John Swinney, ya fito da kansa ya musanta.

Kowanne ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin azzalumi, alhali kowa abin da ke bayan ƙofarsa yake bayyanawa. Wanda coyote ya cinye masa mage da wanda magensa ta shekara 18 tana zagaya lambu lafiya ba za su taɓa ba da amsa ɗaya ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Ita magen fa?

Ta fuskar lafiyarta, zama a gida ya fi aminci. Mota ba za ta take ta ba, ba za ta yi faɗa da muzuru ta kwaso ciwo ba. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2019 ya gano cewa magen da ke fita ta fi ta gida yiwuwar kamuwa da tsutsotsi da ƙwayoyin cuta da kusan ninki uku.

Amma kulle ma yana da nasa farashin. Magen da aka rufe a ɗaki babu abin hawa, babu abin farauta, babu mai wasa da ita, takan yi ƙiba, ta shiga damuwa, wani lokaci har da ciwon mafitsara ko ciwon suga. Wadda ta girma tana fita kuma aka tsare ta rana ɗaya, ita ta fi shan wahala, kuma wannan ne babban ƙorafin mutanen Walldorf.

Musulmi da dama idan suka ji maganar kulle mage sukan tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda mage. Abin lura shi ne laifin matar ya haɗa abu biyu: ta tsare ta, kuma ba ta ciyar da ita ba har ta mutu. Daga nan malamai suka fahimci cewa tsarewa ba laifi ba ne ga wanda zai ɗauki nauyin ci da sha.

A ƙasar Hausa tambayar ta sha bamban

A yawancin gidajenmu babu ƙofar da za a rufe wa mage. Tsakar gida a buɗe take, katanga kuwa titi ce a wurinta. Kuma ba don ado ake ajiye ta ba, ma'aikaciya ce da ke gadin rumbu da sito da shago. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kiwon mage cikin matakan rage ɓeraye a gida don kauce wa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, tare da rufe abinci da kai shara nesa. Mage ita kaɗai ba ta isa ba, kuma ɓeran da ta kashe ta yar bai kamata a ɗauka da hannu ba.

Nahiyar Afirka kuma ba tsibiri ba ce. Kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ita ce kakar duk magunan gida na duniya, kuma tsuntsayenmu da ƙadangarunmu sun san irinta tun fil azal. Don haka kwafo dokar Canberra a kawo Kano ko Maraɗi ba shi da ma'ana.

Matsalolinmu na kusa ne. Akwai rigimar maƙwabta kan 'yan tsaki da tattabaru, wadda takan ƙare da guba. Akwai maganin ɓera, wanda ke kashe magen da ta ci ɓeran da ya sha shi. Akwai jifan yara, da camfin da ke sa wasu su ɗauki baƙar mage da dare a matsayin mayya. Akwai ciwon hauka, wanda ko da yake kare ne ke jawo kusan duk kamuwar da mutane ke yi, mage ma tana ɗauka tana yaɗawa, ga shi ba kasafai ake kai ta rigakafi ba. Mai juna biyu kuma ya kamata ta guji kwashe kashin mage, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da ɗan tayi.

Sai batun haihuwa, wanda a ganina ya fi batun ƙofa muhimmanci. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yan da ake zubawa a buhu a kai bola ko bayan kasuwa su ne ke zama magunan da ba su da mai su, irin waɗanda binciken Amurka ya ce su suka fi ɓarna. Fiɗiye muzuru ko yi wa ta macen aikin hana haihuwa a asibitin dabbobi yana rage wannan, yana kuma rage yawo da faɗa da kukan dare.

Su kuwa masu sayen magunan Farisa masu yalwar gashi da tsada a Abuja da Kano da Kaduna, ba sai an ce musu su kulle ba. Tsoron ɓarawo ya isa.

Ga wanda magensa ke fita amma yake son rage ɓarnarta, masana a Jami'ar Exeter ta Ingila sun gwada dabaru da dama, suka fitar da sakamako a 2021. Ba ta abinci mai yawan nama ya rage abin da take kamowa da kashi 36 cikin 100. Wasa da ita na minti biyar zuwa goma kullum, da gashin tsuntsu a bakin zare, ya rage da kashi 25. Wani ƙyalle mai launuka masu haske da ake sa mata a wuya ya rage kamun tsuntsaye da kashi 42, domin tsuntsu yana hango shi daga nesa, amma bai hana ta kama ɓera ba, abin da zai yi wa mai rumbu daɗi. Ƙararrawar da tatsuniya ta ce ɓeraye sun rasa mai ɗaura wa kyanwa kuwa, a wannan gwajin ba ta nuna wani tasiri ba.