Rana, Yashi da Farar Shadda: Ɗaukar Hoto a Mayahi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ango da tsakar rana a Mayahi ya san abin da zan faɗa. Shadda ta fito fes, har zaren aikin wuya ana iya ƙirgawa, amma fuskar mai ita ta koma duhu, sai haƙora. Ni ma na tafka wannan kuskuren a bikin wani ɗan'uwana, hotuna wajen talatin, babu ko ɗaya da uwar ango ta yarda ɗanta ne. Na ɗora wa kyamara laifi, ashe aikinta ta yi. Takan auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya. In ta ga farin yashi da farar riga da sararin sama, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Fuska ce ke kwana a ciki.

Maganin bai cin ko dala. Ka ja mutumin zuwa inuwar bedi ko bakin zaure, ya fuskanci waje, yashin da ke gabansa ya riƙa maido masa haske a fuska. In da waya kake aiki, taɓa fuskar a kan allo, ka ja alamar ranar nan sama kaɗan. In babbar kyamara ce, nemi maɓalli mai alamar +/- ka kai shi +1. Mafi sauƙi kuma, ka jira la'asar sakaliya, ko ka yi sammako kafin rana ta take. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, da farko ma zanen gadonsa yake ratayawa a bayan mutane. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Abu uku ke sarrafa haske. Na farko faɗin ƙofar da yake shiga, wadda ake rubutawa da harafin f, kuma lissafinta a juye yake: f/2 ƙofa ce a wangale, f/16 kuwa ɗan tsukakken rami. Wangalalliyar ƙofa takan fito da mutum ras ta dusashe bayansa, tsukakkiya kuma takan nuna komai tun daga gabanka har gorubar da ke can nesa a Gulbin Kaba. Na biyu tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe. Mutum a tsaye, 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi. Ƴan kokowa sai 1/500, dokin da aka saki a sukuwar Sallah kuwa ka ba shi 1/1000, in ba haka ba ƙafafunsa su zama hayaƙi. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke jin haske: da rana ka bar shi a 100, ka ɗaga shi sai duhu ya tilasta maka, domin in ya yi sama sosai hoto kan fito da tsaki-tsaki. Masu hoton zamanin da suna da wata ƙa'ida da har yanzu take aiki: rana tsaka, ISO 100, f/16, 1/125.

Batun gilashin gaba, wanda samari ke ta tara kuɗi dominsa, ra'ayina shi ne a yi haƙuri. Mai 18-55 da ke zuwa tare da yawancin kyamarori ya isa suna da biki da kasuwa. In an samu rara, mai milimita 50 da f/1.8 yana cikin mafi araha, kuma yana aiki a cikin ɗaki ba tare da filashi ba. Dogon nan mai kaiwa 300 sai mai bin dawakai ko tsuntsaye.

Abin da ya fi cin gilashi a ƙasarmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, kada ka kuskura ka cire gilashi a fili. Ƙurar da ta shiga ciki za ta bar maka ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, sannan ka sauya. Kuma don Allah a daina goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, gogawa kake yi kamar mai wanke tukunya. A fara hure ta da ƴar robar busa iska, sannan a bi da ƙyalle mai laushi. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, kyamarar da aka bari a rana batirinta ba ya daɗewa.

Sai maɗorin nan mai ƙafa uku, wanda hikimarsa ɗaya ce da ta duwatsun murhu. Amfaninsa yana fitowa bayan magariba, ko in gilashi dogo ne, domin hannu ba ya riƙe milimita 200 ba rawa sai saurin ya kai kamar 1/200. A yashi irin namu ka danna ƙafafun su nutse tukuna, ka fara buɗe gaɓoɓi masu kauri, ka bar sandar tsakiya a ƙasa in akwai iska. Da ka koma gida ka kakkaɓe mahaɗan, in ba haka ba su cije.

Wanda bai da shi kada ya tafi Maraɗi nema. Ya ba tela ya ɗinka masa ƴar jaka, ya zuba gero kamar rabin tiya, kada ta cika tam. A kan katanga, ko turmi da aka kifa, ko sirdin babur, kyamara za ta zauna a kanta daram. Sai ya saita ta ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, ya danna, ya janye hannunsa.