Yadda Ake Jigilar Manyan Injuna Daga Legas Zuwa Arewa

Katafila da gireda da rola da motar haƙa ba don doguwar tafiya aka ƙera su ba. Katafila a kan sarƙar ƙarfe take tafiya, ko ta sake gudu da ƙyar take wuce kilomita 10 a awa, haƙoran sarƙar kuwa cin kwalta suke yi. Injin masaƙa da tiransifoma ma ko taya ba su da ita. Saboda haka duk inda za a yi aiki da su sai an ɗauke su an kai. Yawancinsu ta tashoshin Apapa da Tin Can a Legas suke shigowa Najeriya, wasu ta Onne kusa da Fatakwal, kuma tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Layin dogo ya isa Kano tun 1911, shi ne ma ya daɗe yana ɗaukar kaya masu nauyi, amma da ya yi rauni sai lodin ya koma kan titi kusan gaba ɗaya.

Motar wannan aiki ita ce tirela mai kwantaccen baya, wadda direbobi ke kira lobed. Bayan tirelar da aka saba gani ya kai kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, na lobed kuwa bai kai mita ɗaya ba. Motar haƙa mai nauyin tan 20 da 'yan kai, irin Caterpillar 320, tsayinta wajen mita 3 ne idan an kwantar da hannunta. A ɗora ta a kan tirelar yau da kullum, kaya ya tashi mita huɗu da rabi, ya shiga rigima da gadojin sama da wayoyin lantarki. A kan lobed kuwa sai ya tsaya ƙasa da mita 4. Ban da haka, nauyin da ya kwanta kusa da ƙasa ba ya saurin rinjayar mota a kwana.

Lodi shi ne wurin da aka fi samun haɗari, duk da cewa mota a tsaye take. Ana neman fili mai tauri wanda bai karkace ba, a sa wa tayoyi waigi, a sauke matakalan ƙarfe biyu na baya. Sai an kankare laka daga sarƙar injin, domin ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, shi ya sa ake shimfiɗa katako ko tsofaffin tayoyi. Mai tuƙa injin ba ya ganin gefen tirela daga inda yake zaune, da hannun mutum ɗaya da ke tsaye a gaba yake aiki. Idan mutum uku suka haɗu suna ta "zo, zo" da "tsaya", to ɓarna ta kusa. A ƙarshen matakala akwai inda injin ke ɗaga hanci sama, ya yi ɗan jim, sannan ya rinjaya gaba ya sauka a kan tirela. A nan ake gane gwani. Bayan ya zauna daidai tsakiya, a sauke bokiti ƙasa, a kulle juyawar jikinsa, a ɗaure kusurwa huɗu da sarƙa a gicciye, a toshe salansa. Direban da ya san aikinsa yakan tsaya bayan 'yan kilomitoci ya sake ɗame sarƙoƙin, domin girgizar farko takan sassauta su. Abin da ya yi faɗi da yawa kuwa kwance shi ake yi. Katafila D8 ta kusa tan 40, wuƙar gabanta kuma wajen mita 4 ce, don haka sau da yawa a wata mota daban take tafiya.

Yawan tayoyin lobed ba ado ba ne. Abin da titi ke ji shi ne nauyin da ke sauka a kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi hagu da dama. Wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin aksul ya ninka biyu, lalacewar titi takan ninka kusan sau 16. Ke nan tan 60 da aka raba wa aksul takwas ya fi sauƙi ga kwalta a kan tan 40 da aka danƙara wa uku. Ƙa'idar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita ta tsayar da tan 11.5 ga aksul guda, kuma ƙasashe masu amfani da sefa, har da Nijar, sun sa tasu a doka tun 2005. Kayan da ba ya rabuwa, wanda ya zarce ƙa'ida, sai da izini na musamman. A takarda ke nan. A kan hanya sikelin auna motoci bai wadata ba, kuma kwarin da tayoyi suka tona a kwaltar manyan hanyoyi ya isa shaida.

Kafin kaya mai girman gaske ya motsa, akan tura mutane su bi hanyar da ƙaramar mota. Su auna tsayin kowace gadar sama, su duba ƙarfin gadoji da kwalbatoci, su lura da shataletalen da doguwar tirela ba za ta iya kewayawa ba. Gada ɗaya mai rauni ta isa ta sauya tafiyar baki ɗaya. Hanyoyi biyu ne manya zuwa Arewa. Ɗaya ta bi Ibadan da Ilorin, ta haye kogin Neja a Jebba, ta wuce Mokwa. Ɗayar ta bi Okene da Lokoja, ta haye gadar Murtala Muhammed, ta shiga Abuja, sannan Kaduna da Zariya. Ta Jebba ta fi kusa, sai dai lalacewar titi da rashin tsaro a yankin Birnin Gwari sun kori direbobi da yawa zuwa Bida da Lambata, hanyar da ba don irin wannan nauyi aka gina ta ba. Da ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa a watan Yunin 2017, manyan motoci sun yi cirko-cirko, dole aka karkata su wasu hanyoyin.

Tafiyar kanta a hankali ake yin ta, yawanci da rana, da jan ƙyalle a gefen kaya da motar rakiya mai fitila a gaba. A cikin gari akan ga yaron mota a tsaye da dogon sanda mai baki biyu yana ɗaga wayoyin da suka sauko, aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke iya cin rai. A gangara direba da ƙaramar giya yake sauka, domin birkin da aka danne na tsawon lokaci yakan yi zafi ya daina kamawa. Ga shingayen jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci da masu karɓar haraji jiha bayan jiha. Da dare a kwana a Ogere ko Tafa ko Mararrabar Jos. Tafiyar da ƙaramar mota ke yi a yini guda takan ci wa lobed kwanaki.

Akwai kayan da ya fi ƙarfin lobed ma. Babbar tiransifoma irin ta tashoshin Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano takan haura tan 100. Akan zuƙe manta, a cika ta da busasshiyar iska ko iskar naitirojin don kada danshi ya shiga, a manna mata na'urar da ke rubuta duk jijjigar da ta sha a hanya. Ana ɗaukar ta a kan tirela mai gaɓa-gaɓa, irin waɗanda kamfanonin Jamus kamar Goldhofer da Scheuerle ke ƙerawa, wadda kowane aksul nata ke hawa da sauka da kansa don kaya ya zauna daram ko a kan gargada. Wani kayan kuma babu titin da zai iya da shi. Hasumiyar tace ɗanyen mai ta matatar Dangote, mai nauyin sama da tan 2,000, ta ruwa ta iso daga Sin a ƙarshen 2019, aka sauke ta a tashar da kamfanin ya gina wa kansa kusa da matatar a Lekki.

Kuɗin ɗauko injin ya danganta da nauyi da nisa da farashin man gas, sannan da dawowa. Tirelar siminti ko hatsi takan samu lodin komawa Kudu, lobed kuwa sau da yawa wayam take komawa, kuma mai kaya ne ke biyan zuwa da dawowar. Wannan ne ya sa 'yan kwangila da dama a Kano da Kaduna suka gwammace su yi hayar katafila a kusa da wurin aiki, a kan su ɗauko tasu daga Legas don aikin 'yan makonni.